Kasuwar "Naka Ne" ta Mutari

Mutari ƙanen Yusha'u ne. A Kanan-Bakashe suke, gida ɗaya, rumbu ɗaya. Yusha'u tubali yake bugawa a bakin tabki da rani, kuma ba ya son magana. Mutari ya kwashe maganar gidan duka, ya bar wa wansa aikin.

Bayan kaka ya tafi Maradi ganin gari. Ya dawo da waya irin mai shafawa, da Faransancin da bai cika tafin hannu ba, da wani shiri a kansa. Bai ko ajiye jaka ba ya wuce bakin tabki. Ya tarar da Yusha'u cikin laka har gwiwa.

Ya ce, "Yaya, hito daga ramin nan. Zamanin laka ya wuce."

Yusha'u ya ce, "To."

"A Maradi na ga wani zaune cikin inuwa. Abin da mutane suka yar shi yake tsinta, ya ɗauki hoto, ya ɗora a waya, kiliyan, wato masu saye, su yi ta kira. Ba jari, ba zuhwa. Ni kuwa na hi shi kai nesa ba kusa ba."

"To."

"Ba ka da wata magana sai to?"

Yusha'u ya kife tubali a ƙasa, ya miƙe. Ya ce, "Hatsinmu ba ya kai mu damina. Na ba ka zuwa kasuwar ƙarshen wata. In wayar ta kawo buhun hatsi gida, ka zauna inuwa har ka tsuhwa. In ba ta kawo ba, ga wurinka nan kusa da ni."

Mutari ya dubi wurin. Laka baƙa, mai sanyi, mai wari. A duniya babu abin da ya ƙi jini kamar ya ji ta tana shiga tsakanin yatsun ƙafarsa.

Ya ce, "Buhu ɗaya? Ka raina ni. Ka soma gina rumbu na biyu."

Washegari ya bi jujin gari kaf. Ya dawo da fitila marar gilashi, da bidon ɗibar ruwa hujajje, da rediyon da babu komai a cikinsa sai gidan gizo-gizo, da takalmi ƙafa ɗaya. Ya zube su a tsakar gida.

Matarsa Asiya ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ta ce, "Ni kullum ina hitar da shara, kai kana dawo da ita. Haka za mu yi ta yi?"

"Ba shara ba ce. Okaziyo ake cewa, kayan gwanjo. Ara mini zanenki na Salla in shimhiɗa."

"Zanen Sallata? Sai dai ka shimhiɗa naka."

Ya shimfiɗa tabarma, ya ɗauki hotuna. Saura aikawa cikin taron saye da sayarwa na Watsaf, inda mutanen Tasawa da Mayahi suke baje kaya. To, rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya sauka ƙasa a gidansu, sai an bi shi sama. Mutari ya hau kan jinkar rumbu, ya ɗaga waya. Hoto na farko ya tafi. Na biyu ya tafi. A na uku jinka ta ɓurma, shi ma ya tafi.

Wata maƙwabciya ta ji rugugi, ta kwarma ihu, "Ɓarawo a rumbun Yusha'u!" Kafin Mutari ya gane sama da ƙasa, maza sun kewaye rumbun da sanduna. Aka jawo shi ta ƙafa. Ya fito fari fat da ƙaiƙayi, wando ya yage daga gwiwa har baya, waya tana nan riƙe a hannu.

Aka ce, "Mutari, mi kake yi ciki?"

Ya ce, "Koneksiyo."

Amsoshi suka fara shigowa. Wani ya tambaya ko ɗayar ƙafar takalmin sai wata mai zuwa. Wani ya ce zai karɓi bidon in za a haɗa masa da ladan ɗauka. Wata mata ba ta ce komai ba, dariya kawai ta aiko cikin saƙon murya, doguwa, har da tari a ƙarshe.

Mutari ya ce hassada ce. Ya ɗauki wandonsa ya kai wa Na Allah tela.

Na Allah tsoho ne, kekensa na ɗinki ya girmi Mutari. Keken baƙi ne, da zanen ruwan zinariya a wuya, ƙafarsa ta ƙarfe tana sheƙi don yawan taku. Mutari yana jiran faci, idonsa ya faɗa kan keken.

Ya ce, "Baba, kekenka wanga da kyau yake."

Na Allah bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Naka ne."

Kowa a ƙasar nan ya san wannan amsa. In ka yaba rigar mutum, ya ce taka ce. In ka yaba akuyarsa, ya ce taka ce. Kai kuma ka ce Allah ya ƙara arziki, ka wuce, riga tana jikin mai ita. Mutari ma ya sani, da ita aka rene shi. Amma ranar sai ya ji ta da wani kunne. Ashe gari cike yake da kayan kyauta, shi yana can yana tonon juji.

Ya latsa wurin ɗaukar murya, ya matso da waya. "Mi ka ce, Baba? Ƙarar keke ta hana ni ji."

"Na ce naka ne."

"Madalla."

Ya ɗauki hoton keken ta gaba da ta gefe. Na Allah ya ɗauka shi ake ɗauka, har ya gyara hula.

Daga nan sai gidan Inna Tanna. Ƙanwar kakarsa ce, don haka mijinta take kiransa. Tana da wata tukunyar ƙarfe wadda babu bikin aure ko suna da za a yi a garin ba a aro ta ba. Ran kasuwa kuma a cikinta take dafa shinkafa da wake na sayarwa.

Ya ce, "Tsohuwa, tukunyar nan taki babu irinta har Maradi."

Ta ce, "Taka ce, mijina. In ka iya ɗaga ta, raggon banza."

Ya yanke muryar daidai kan "mijina".

Da yamma ya iske Sanda Buzu a bakin rijiya yana shayar da raƙuminsa. Sirdin raƙumin na jan fata ne, da ƙusoshin tagulla, gadon kakansa. Mutari ya yaba. Sanda ya dafa ƙirji ya ce, "Naka ne, aboki." Waya ta ɗauka.

Wannan karon ya hau bishiyar bedi, wato darbejiya, ba rumbu ba, ya aika hotunan kayan nan uku. Kafin ya sauko waya ta ɗau zafi. Hajiya Rahina, mai gidan abinci a bakin tasha a Tasawa, ta ce tukunya tata ce, kada a ba kowa. Wani mai butik a Mayahi, Hashim, ya ce yana son keke, yana son sirdi, yana da mai saye a Yamai. Dukansu suka aiko da abans, wato kuɗin kafin alƙalami. Aka shirya su zo ran kasuwar ƙarshen wata su cika kuɗi, su kwashi kaya.

Asiya ta ce, "To, ga kuɗi sun shigo. Sayi buhun hatsin ka ajiye gaban Yaya, ka huta."

Mutari ya ce, "Ke ba ki san harka ba. Patoro, babban maigida irina, ba ya tarbar kiliyan da wando mai faci. In suka cika, hatsi sai an yi hayar mota."

Ya tafi Mayahi ya dawo cikin babbar riga ta shadda ruwan bula, da hula doguwa, da baƙin tabarau, da takalmi mai tsini wanda yake matse masa ɗan yatsa. Ya bi ta bakin tabki da gangan. Ya tsaya nesa da laka.

"Yaya, ka gani?"

Yusha'u ya duba. Ya ce, "To."

Saura tattara kaya. Ya ari amalanken jaki ya tsaya ƙofar Na Allah.

"Baba, na zo ɗaukar kekena."

"Wane kekenka?"

"Wanga da kake takawa. In ka ƙare wuyan rigar nan, sai ka tashi."

Na Allah ya cire tabarau, ya dube shi, ya mayar. "Mutari, da ka hwaɗa rumbu, da ka ka sauka?"

"Kai ka ce nawa ne. Ina da bokal, muryarka tana cikin waya."

"Ni kuma ina da almakashi."

Ya ɗaga shi. Babba ne. Mutari ya ce zai dawo.

Inna Tanna ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Ga ta nan, mijina, ɗauka." Ya tattare riga, ya rungumi tukunya, ya yi nishi. Tukunya ba ta san ana yi ba. Ya sake. Wani abu ya ce ƙas a bayansa. Ya miƙe a karkace, gaban shaddar baƙi ƙirin. Matan gidan suka bar daka suka zauna don dariya.

Tanna ta ce, "Ko in kira Asiya ta taya ka?"

Wurin Sanda bai yi sallama ba. Ya ga raƙumi a durƙushe bayan rijiya, mai shi ya juya baya yana jan guga. Ya lallaɓa, ya hau gefe yana neman bakin igiyar sirdi. Raƙumi ya ji nauyi, ya ɗauka tafiya ce. Ya tashi da baya, ya tashi da gaba. Mutari ya tsinci kansa a sama, rungume da ƙahon sirdi, ƙafafu suna lilo. Raƙumi ya bi ta tsakiyar gari da shi, ya wuce masallaci ana fitowa daga La'asar, ya wuce majalisar masu shayi.

Wani ya ɗaga murya, "Patoro, akwai rezo can sama?"

Sai a wata gona raƙumin ya tsaya cin ƙaya, ya sunkuya, Mutari ya zame ta wuya.

Da wani ne, da tuni ya haƙura. Mutari kuwa, yana tsintar ƙaya daga hula, sai ya ga ashe shi ne mai gaskiya, kuskurensa ɗaya, ya je musu a gida. A gida kowa yana iya musu. A gaban jama'a fa? Wane dattijo ne zai ji muryarsa da kunnensa ya ce ba shi ba ne? Ran kasuwa Na Allah yana kawo keke rumfarsa, Tanna tana kawo tukunya, Sanda yana zuwa a kan raƙumi. Kaya za su kawo kansu. Ya yi wa kansa dariyar jin daɗi har bayansa ya amsa.

Ran kasuwa ta zo. Asiya ta wanke shadda, baƙin bai fita duka ba, ya rufe shi da hannun riga. Hajiya Rahina ta sauko daga motar Tasawa, mace mai jiki, da igiyar ɗaure tukunya a hannu. Hashim ya zo da moto mai ƙafa uku daga Mayahi. Mutari ya tarbe su da bonjur, ya ce su biyo shi.

Hajiya Rahina ta ga tukunyarta a kan wuta, cike da shinkafa da wake, wata tsohuwa tana zuba wa mutane. Ta ce, "Malam, wagga ba ita ce ka sayar mini ba?"

"Ita ce. Gwaji ake yi miki, ki ga ba ta yoyo."

Hashim ya ce, "Keken ma gwaji ake yi? Na ga ana ɗinka wando a kansa."

"Ku dakata ku ga aiki."

Ya je wurin mai tallan maganin basir ya ari lasifikarsa. Ya hau kan wani buhun gyaɗa da ba nasa ba. Ya kira sarkin kasuwa, ya kira jama'a su zo su yi shaida. Masu awo suka bar mudu, mahauta suka bar nama. Har Yusha'u, da ya zo sayen igiya, ya tsaya can baya.

Mutari ya kara waya a bakin lasifika. Muryar Na Allah ta cika kasuwa: "Na ce naka ne." Sai ta Tanna: "Taka ce, mijina." Sai ta Sanda: "Naka ne, aboki."

Kasuwa ta fashe da dariya. Wani mahauci ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki.

Mutari ya ce, "Ku yi dariya. Sun hwaɗa ko ba su hwaɗa ba?"

Sarkin kasuwa tsoho ne mai cin goro a hankali. Ya gama taunawa tukuna. Ya ce, "Na Allah, muryarka ce?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Tanna?"

"Tawa ce, amma ɗan banzan ya yanke wutsiyar."

"Sanda?"

Sanda ya gyaɗa kai daga cikin rawani.

Sarkin kasuwa ya juya. "To Mutari, kai a wurinka, wanda duk ya ce naka ne, ya bayar ke nan?"

"Ya bayar! Magana magana ce. Da ma abin da ya hana ƙasar nan ci gaba ke nan, a hwaɗi abu ba a nuhi ba."

"Ko wa ya hwaɗa?"

"Ko wa!"

"Jama'a kun ji. To, keke da tukunya da sirdi na Mutari ne."

Mutari ya gyara tabarau. Ya dubi inda Yusha'u yake, ya ɗaga masa hannu. Ya sauko daga buhu, ya taka zuwa rumfar tela, ya dafa keke kamar mai dafa dokinsa.

Na Allah ya tashi daga kujera, ya koma gefe, ya harɗe hannu a baya. Ya kewaya keken yana kallo kamar bai taɓa ganinsa ba. Ya ce, "Kai, Mutari, kekenka wanga da kyau yake."

Mutari yana cikin yi wa jama'a murmushi. Ya ce, "Naka ne, Baba."

Bakin ne ya faɗa, bai shawarci kai ba. Ya kai hannu ya toshe shi, amma ta riga ta fita, kuma lasifika tana rataye a wuyansa a kunne.

Na Allah ya ce, "Allah ya ƙara arziki." Ya koma kujera ya ci gaba da ɗinka wando.

Sai da sarkin kasuwa ya buga sanda kafin a ji magana. Inna Tanna ta matso da ludayi a hannu.

"Mijina, tukunyar nan taka babu irinta har Maradi."

Mutari ya datse haƙora. Ya ce, "Mersi."

"Mersi? Jama'a, jikan wa ne wanga? Kakarsa ta yaba abinsa ya ce mersi! A gidanku haka aka koya maka?"

Kasuwa ta ɗauka. "Marowaci! Patoro marowaci! Hwaɗi mana!"

Mutari yana iya jure faɗuwa daga raƙumi. A kira shi marowaci a gaban baƙi daga Tasawa da Mayahi, wannan bai iya ba. Ya ce a ƙasan maƙoshi, "Taki ce."

"Ban ji ba, na tsuhwa."

"Taki ce!"

Sanda bai ko yi doguwar magana ba. Ya nuna sirdi, ya ce, "Da kyau." Mutari ya ce, "Naka ne, tahi da abinka."

Hajiya Rahina duk tana tsaye tana kallo, igiya a hannu. Ta ce, "To, ni fa? Na biya mota tun daga Tasawa. Ina abans ɗina?"

Mutari ya fara bayani kan yadda harkar Intanet take, akwai hawa akwai sauka. Hajiya ba ta saurare shi ba. Ta kama bakin rigarsa tana murzawa tsakanin yatsu.

"Shaddar nan mai kyau ce. In an wanke gaban, za ta yi wa maigidana."

Jama'a suka matso suna jira. Mutari ya dubi sarkin kasuwa. Sarkin kasuwa ya ɓare sabon goro.

"Taki ce, Hajiya."

Ya tuɓe. Ta yaba hula ma, ta ce launinsu ya dace. Hashim ya ce shi mutum ne mai son takalmi mai tsini. Ya ƙara da cewa bai taɓa ganin waya mai ɗaukar murya tas kamar wannan ba. A nan Mutari ya yi gardama, ya ce a cikinta duk kiliyansa suke. Hashim ya ce ai kiliyan ɗin biyu ne, ga su nan tsaye. Waya ta tafi Mayahi. Mai maganin basir ya zo ya zare lasifikarsa, ya ce akwai ladan aro, sannan ya yaba tabarau.

Aka bar Mutari a tsakiyar kasuwa, daga shi sai singileti da wandon da Na Allah ya yi wa faci. Ƙasa da zafi, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Duk da haka ya buɗe baki ya ce wa na kusa da shi dabarar ba ta da laifi, mutanen garin ne ba su waye ba, a Maradi da tuni an yi masa tafi.

Jama'a suka dare. Yusha'u ya ratso, sabuwar igiya a kafaɗa. Bai tambayi buhun hatsi ba. Ya tsaya gaban ƙanensa, ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya kama damtsensa na dama ya matsa, ya kama na hagu ya matsa.

Ya ce, "Mutari, hannuwan nan naka da kyau suke. Ko kanta babu."

Kowa a kasuwar ya zuba wa Mutari ido.

Mutari ya dubi hannuwansa. Ya ce, "Naka ne, Yaya."

Yusha'u ya ce, "To. Gobe da sahe ka kawo mini su bakin tabki. Ka taho da ƙahwahun ma, su za su taka laka."